Wayar Ƙasa a Makunnin Wuta na Ƙarfe

Wayar ƙasa ita ce waya ta uku a wayarin ɗin gida, mai launin kore da ɗorawa, wadda ke haɗa murfin makunni na ƙarfe da sandar jan ƙarfe da aka binne a ƙasa. A Daura, inda kamfanin KEDCO ke rarraba wuta mai ƙarfin bolt 230, idan wayar wuta ta kwance ta taɓa murfin, wayar ƙasa ce ke kwashe wutar har fis ya tsinke. In babu ita, jikin wanda ya taɓa makunnin ne zai zama hanya, musamman in hannunsa na jiƙe bayan alwala.

Matsalar Daura ita ce ƙasarta. Rairayi busasshe ba ya karɓar wuta sosai, balle da rani. Shi ya sa masu wayarin ke zurfafa ramin sandar su zuba gawayi da gishiri, ko da yake gishirin kan ci sandar a hankali.

Hukumar NEMSA, wadda wata doka ta 2015 ta kafa, ita ke da alhakin duba ingancin wayarin a Najeriya.