Haske da Inuwa a Tarihin Nazarin Allunan Yumɓu na Mesofotamiya

Rubutun kuneyifom, wanda ya samo asali a birnin Uruk na kudancin Iraƙi ta yau wajen shekara ta 3200 kafin haihuwar Annabi Isa, ba da tawada ake yin sa ba, domin marubuci kan danna bakin tsinken kara ne a kan ɗanyen yumɓu, ya bar gurabu masu siffar ƙusa. Tunda alamar da allon launinsu ɗaya ne, inuwar da ke kwanciya cikin gurbin ce kaɗai ke fito da rubutun, shi ya sa mai karatu kan yi ta jujjuya allon a gaban fitila har sai alamar ta bayyana.

Wannan ce matsalar da ta addabi masana tun tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da Austen Henry Layard da Hormuzd Rassam suka tono ɗakin karatun Sarki Ashurbanifal a Nineba, aka kwashe alluna da gutsattsari kimanin 30,000 zuwa Gidan Tarihi na Birtaniya. Hoton kyamara bai wadatar ba, saboda allon yana da doro, rubutun kan gangara zuwa gefensa, hoton kuma yana kama haske daga ɓangare ɗaya kawai. Saboda haka aka dogara da kwafin hannu, wato zanen da masani ke yi na kowace alama, aiki mai daraja amma mai illa guda: mai kwafi yana zana abin da ya fahimta ne, kuma idan ya kuskure, duk wanda bai ga allon ba zai gaji kuskurensa.

A 1998 Robert Englund na Jami'ar Kalifoniya a Los Anjeles da Peter Damerow na Cibiyar Max Planck a Balin suka kafa shirin CDLI, rumbun intanet da ke nuna fuskoki shida na allo a hoto guda. Babban sauyin dai ya zo ne a 2001, sa'ad da Tom Malzbender da abokan aikinsa a kamfanin HP suka gabatar da dabarar ɗaukar hotuna masu yawa da kyamara kafaffiya, kowanne da fitila daga kusurwa daban, sannan kwamfuta ta haɗa su, ta yadda mai nazari zai iya karkata hasken yadda ya ga dama a kan allon kwamfutarsa.

Amfanin dabarar ya bayyana a allunan Fasifolis na ƙasar Iran, waɗanda aka tono a 1933 aka ba Jami'ar Shikago aro. Da wata shari'a a Amurka ta yi barazanar a ƙwace su a sayar, sai tawagar Matthew Stolper, masani a jami'ar, ta hanzarta ɗaukar hotunan dubbansu da wannan hanya, har da tambarin hatimai marasa zurfi da kyamarar gama-gari kan kasa fitarwa. Kotun Ƙolin Amurka ta hana ƙwace allunan a 2018, kuma a 2019 aka mayar wa Iran 1,783 daga cikinsu.