Maroko a gasar waƙa ta Eurovision: ƙasar Afirka ɗaya tilo da ta taɓa shiga

Maroko ce kaɗai ƙasar Afirka da ta taɓa tura mawaƙi gasar Eurovision, gasar waƙoƙin da gidajen talabijin na Turai suke shiryawa tun 1956. Sau ɗaya ta shiga, ranar 19 ga Afrilu 1980, a birnin La Haye na ƙasar Holan, inda yanzu kotun duniya ta CPI take. Mawaƙiya Samira Bensaïd ce ta wakilce ta da waƙa mai suna "Bitaqat Hob", wato katin ƙauna, kuma ita ce waƙar Larabci ta farko da aka rera a gasar. Ta samu maki 7, ta zo ta 18 cikin ƙasashe 19. Daga wannan dare Maroko ba ta sake komawa ba.

Me ya kai ƙasar Afirka gasar Turai?

Sunan gasar yana ruɗa mutane. Ba gwamnatoci ke shiga ba, kuma ba a tambayar ko ƙasa tana cikin nahiyar Turai. Gidajen rediyo da talabijin ne suke fafatawa, kuma sharaɗin shi ne gidan ya kasance cikakken mamba a ƙungiyar UER, wadda aka kafa a 1950, mai hedikwata a Geneva. Yankin da ƙungiyar take ɗibar mambobinta ya zarce Turai. Injiniyoyin sadarwa ne suka shata shi domin rabon zangon watsa shirye-shirye, suka ja iyakarsa ta kudu a kan layin digiri 30 arewa da tsakiyar duniya, layin da ya bi ta kusa da Alƙahira da Agadir. Ƙasashen bakin tekun Bahar Rum duk sun faɗo ciki: Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Libiya, Masar, Labanon da Isra'ila.

Wannan layin ne ya sa Nijar ba ta cikin lissafi. Ko Bilma da Djado, can ƙuryar arewa, suna kudu da shi da nisa mai yawa, don haka Télé Sahel ba ta da hurumin neman kujera. Ƙofa ɗaya da ta rage ga ƙasar da ke wajen yankin ita ce gayyata ta musamman, irin wadda aka yi wa Ostareliya tun 2015.

Ƙasashen Larabawa kuwa suna da hurumin, amma akwai abin da ya tsare musu hanya. Isra'ila tana shiga gasar tun 1973, kuma dokar UER ta wajabta wa duk gidan talabijin da ya shiga ya nuna dukan waƙoƙin kai tsaye, ba tare da yanke ko ɗaya ba. Tunisiya ta yi rajista a 1977, har an fitar mata da lamba a jerin masu hawa dandamali, sannan ta janye. A 1979, da aka yi gasar a birnin Ƙudus, Turkiyya ma ta janye bayan matsin lamba daga ƙasashen Larabawa, alhali ta riga ta zaɓi waƙarta.

Shekarar da kujerar Isra'ila ta zama wayam

Isra'ila ta ci gasar sau biyu a jere, a 1978 da 1979. Bisa al'ada wanda ya ci shi ke karɓar baƙi a shekara mai zuwa, sai dai gidan talabijin na Isra'ila ya ce ba shi da kuɗin sake ɗaukar nauyin bikin. Bayan an yi ta neman mai karɓa, Holan ta yarda, ta yi shi cikin tsimi a zauren da ta yi na 1976. Ranar da aka tsayar, 19 ga Afrilu, ta yi karo da ranar da Isra'ila take tunawa da sojojinta da suka mutu a yaƙi, sai ta janye gaba ɗaya. Ba a taɓa ganin mai riƙe da kambi ya ƙi zuwa kare shi ba sai a wannan shekara.

Janyewar tata ta buɗe ƙofa. Turkiyya ta dawo, gidan rediyo da talabijin na Maroko, RTM, shi ma ya miƙa sunansa. Zamanin Sarki Hassan na Biyu ne, mutumin da idonsa ke kan arewa: shekara bakwai bayan haka, a 1987, shi ne ya rubuta takardar neman shigar da Maroko cikin tarayyar tattalin arzikin Turai, aka mayar masa da amsar cewa ƙasarsa ba ta Turai ba ce.

Yadda aka zaɓi waƙar

Kowace ƙasa tana da ƴancin fitar da wakilinta yadda ta ga dama. Wasu suna shirya gasar cikin gida a talabijin, mawaƙa su kara, alƙalai ko jama'a su zaɓa. Wasu kuma shugabannin gidan talabijin ne suke zama su nuna wanda suke so. Maroko hanya ta biyu ta bi. RTM ta ɗauko Samira Bensaïd, haifaffiyar Rabat, wadda mutanen ƙasar suka sani tun tana yarinya ta cikin shirin "Mawahib" na zaƙulo masu baiwa. A lokacin tana farkon shekarunta na ashirin. Abdel Ati Amenna ne ya tsara kiɗan, Malou Rouanne ya rubuta baitocin, Bafaranshe Jean Claudric kuma ya ja ragamar makaɗa a daren gasar.

Dokokin lokacin sun tanadi cewa waƙa kada ta wuce minti uku, a rera ta da baki, kuma da harshen ƙasar da ta kawo ta. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya shigar da Larabci. Duk da sunanta, waƙar ba ta saurayi da budurwa ba ce. Kira ne na zaman lafiya da aka sa a bakin yaran duniya, masu neman rayuwa ba yaƙi ba wariya. Kiɗan kuwa gauraye ne: karin murya na Larabawa a kan bugun disko irin na ƙarshen shekarun 1970. Mai sauraro a yau zai ji cewa an so a gamsar da kunne biyu a lokaci guda, na Rabat da na Turai, kuma na biyun bai amsa ba.

Daren gasar

Samira ce ta biyar a hawa dandamali, bayan Lukzambur, kafin Italiya. A wannan shekara kowace ƙasa ta zo da mai gabatar da waƙarta da harshenta, don haka masu kallo sun ji Larabci tun kafin a fara kiɗa.

Tsarin maki shi ne alƙalan kowace ƙasa su zaɓi waƙoƙi goma da suka fi burge su, ban da tasu, su ba su daga maki 1 zuwa 8, sai 10, sai 12. Ƙasashe 18 ne ke da damar ba Maroko wani abu. Goma sha bakwai ba su sa ta cikin gomansu ba. Italiya ce kaɗai ta tuna da ita, ta ba ta 7, kuma waɗannan bakwai ɗin su suka raba ta da zama kurar baya, domin Finlan ta tashi da 6. Johnny Logan na Ailan ya lashe gasar da maki 143, Jamus ta bi masa da 128.

Alƙalan Maroko kuma nasu 12 ɗin Turkiyya suka ba, ga mawaƙiya Ajda Pekkan, wadda ita ma waƙarta ke da karin gabas. Shi ne karo na farko da Turkiyya ta samu cikakken maki daga wata ƙasa, kuma ya fi rabin maki 23 da ta tara a daren.

Bayan La Haye

Labarin da aka fi yawan bayarwa shi ne sakamakon ya ɓata wa Sarki Hassan rai, ya ce ƙasarsa ba za ta ƙara zuwa ba. Akwai kuma dalilin da yake a fili: a 1981, a Dublin, Isra'ila ta koma kujerarta. Cikas ɗin da ya kau na shekara ɗaya ya dawo. Labanon ta ci karo da shi a 2005, bayan ta zaɓi Aline Lahoud da waƙar Faransanci, ta janye saboda dokar ƙasarta ta hana nuna shirye-shiryen Isra'ila. Maroko ta maido da hulɗa da Isra'ila a Disamban 2020, kuma gidan talabijin nata, wanda yanzu ake kira SNRT, yana nan cikin UER, amma bai sake tura kowa ba.

Ita dai mawaƙiyar maki bakwai ba su rage ta da komai ba. Ta koma Alƙahira da zama, ta ɗauki sunan Samira Said, ta yi aiki da manyan masu tsara kiɗa irin su Baligh Hamdi, ta zama ɗaya daga cikin fitattun muryoyin ƙasashen Larabawa. Waƙarta "Youm Wara Youm" ta 2002, wadda ta yi da Cheb Mami na Aljeriya, ta zaga duniya, kuma a 2003 ta karɓi lambar yabo ta World Music Award.

Ƴaƴan arewacin Afirka sun ci gaba da hawa dandamalin, sai dai ƙarƙashin tutar wasu. A 1991, a Roma, Amina Annabi, haifaffiyar Tunisiya, ta wakilci Faransa da waƙar da ɗan Senegal Wasis Diop ya tsara wa kiɗa. Ta yi kunnen doki da Carola ta Suwidin, kowacce da maki 146, kowacce da 12 sau huɗu, sai da aka ƙirga wadda ta fi samun maki 10 kafin kambin ya tafi Suwidin. Loreen, wadda iyayenta Berber ne daga Maroko, ta ci wa Suwidin gasar sau biyu, a Baku a 2012 da Liverpool a 2023, mace ta farko da ta yi haka.

Batun Isra'ila kuwa yanzu ya shiga cikin Turai kanta. A Disamban 2025, saboda yaƙin Gaza, gidajen talabijin na ƙasashe biyar suka sanar cewa ba za su je gasar 2026 a Vienna ba tunda an bar Isra'ila ta shiga: Spain, Sloveniya, Iceland, da kuma Holan da Ailan, mai masaukin baƙi da zakaran daren da Samira ta rera waƙarta.