WordPress Importer

WordPress Importer ƙaramar manhaja ce da ake ɗorawa a kan WordPress, tsarin sarrafa rubuce-rubucen intanet da Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a 2003. Aikinta shi ne kwaso maƙaloli, rukunoni, sunayen marubuta da hotuna daga tsohon shafi zuwa sabo.

Ana fitar da bayanan a fayil ɗin WXR, wanda nau'in XML ne. Daga nan sai a girka manhajar, a loda fayil ɗin, a haɗa kowane marubuci da asusunsa. Idan fayil ya cika girma, akan yi amfani da WP-CLI, wato hanyar sarrafa WordPress ta rubuta umarni. Rubutun Hausa na buƙatar tsarin UTF-8, in ba haka ba haruffan ɓ, ɗ da ƙ su rikiɗe.