Funfunar da ke gadin gyada

'Yan uwa 'yan Arewa da ke karatu a nan Ibadan, sau nawa kuka wuce ƙofar IITA a hanyar Oyo ba ku ko waiwaya ba? To akwai tarihin da ya haɗa gidan nan da rumbun iyayenmu.

A 1960 talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila, aka rasa dalili. Da aka bi diddigi, ashe tunkuzar gyadar da aka kawo musu daga Brazil ce. Wata funfuna mai zama cikin ƙasa, Aspergillus flavus, ita ta zuba dafi a ciki, daga sunanta ma aka ciro kalmar aflatoxin. Dafin nan fa ba ya jin wuta, suyar ƙuli-ƙuli ba ta gamawa da shi, kuma yana jawo kansar hanta. Lokacin dalar gyada na tsaye a Kano, kun ga ai maganar ta shafe mu.

Abin da ya burge ni shi ne inda maganin ya fito. Cikin dangin funfunar akwai waɗanda ba sa yin dafi ko kaɗan. Masanan IITA suka zaƙulo irinsu daga gonakin Najeriya, suka shafa wa ƙwayar dawa, aka rina ta shuɗi, aka sa mata suna Aflasafe. Kilo 10 ake watsawa a hekta kafin shuka ta yi fure, sai marasa dafin su riga masu dafin mamaye gonar.

Hutun nan in sha Allahu zan tambayi Baba ko ya taɓa ganinta a kasuwar garinmu. Wallahi ina shakka.