Daga Ma'aunin Woolwich zuwa Walƙiyar Leza

A 1864 aka naɗa Francis Bashforth malamin lissafi na hafsoshin igwa a Woolwich, kudu maso gabashin Landan. Na'urar da ya ƙera tana rubuta lokacin da harsashi ya tsinka wayoyin da aka jera a hanyarsa, kuma da ita ya auna yadda iska ke rage masa gudu. Hujjar wannan maƙala ita ce masu binciken sinadaran da haske ke zaburarwa suna bukatar irin wannan awo, domin matsalarsu ta lokaci ce.

A 1972 Fujishima da Honda suka nuna a Japan cewa taitaniyam dayoksaid na iya tsaga ruwa ya fitar da haidurojin da iskar oksijin idan haske ya sauka a kansa. Hasken yakan fizge ilaktoron daga mazauninsa, ya bar gurbi, kuma gurbin ne ke ƙwace ilaktoron daga ruwa. Sai dai yawancin ilaktoron sukan koma gurabensu cikin kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa ko ƙasa da haka, alhali fitar da oksijin na ɗaukar lokaci mai tsawo ƙwarai. Ƙungiyar James Durrant a Kwalejin Imperial ta Landan ta nuna cewa a kan hematait, wani nau'in tsatsar ƙarfe, sai gurbi ya rayu kusan daƙiƙa guda kafin aikin ya kammala. Ana ganin wannan tazara da leza: walƙiya ta farko ta tayar da sinadarin, ta biyu ta biyo baya ta auna hasken da ya sha. Dabarar ta samo asali daga aikin Norrish da Porter, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 1967, sannan Ahmed Zewail ɗan Masar ya kai ta matakin femtodaƙiƙa, wato ɗan ƙanƙanin yanki na daƙiƙa, aka karrama shi a 1999.

Masu suka na cewa walƙiyar leza ta fi hasken rana ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka tana cunkushe sinadarin da ilaktoron, ta sa su koma da wuri fiye da yadda za su yi a fili. Wannan suka gaskiya ce, kuma ta rage darajar wasu sakamako. Amma maganinta shi ne a rage ƙarfin walƙiyar, a yi awon sinadarin yana cikin ruwa yana aiki. Wasu kuma na cewa na'urorin sun yi tsada, gara a ci gaba da gwada sinadarai ɗaya bayan ɗaya. Amma gwaji yakan nuna wanda ya gaza ne kawai, ba ya faɗin dalili.

Jami'o'in Kano, Zariya da Sakkwato, inda rana take a wadace, ba sai sun mallaki irin wannan leza ba. Su haɗa sinadaransu a gida, su nemi haɗin gwiwa da ɗakunan binciken da ke da ita domin awon.