TARIHIN GARIN CEDAR RAPIDS DA MASALLACINSA NA FARKO

 

Tun da yake taron nan na aza harsashin ɗakin Allah ne, mun ga ya kyautu mu keɓe 'yan shafuffuka a cikin wannan ɗan littafi, mu ba masu karatu labarin wani gari mai nisa da mu ƙwarai, da na wasu baƙi 'yan koli waɗanda suka aza irin wannan harsashi a cikinsa yau kusan shekara ɗari ke nan. Sunan garin Cedar Rapids, yana cikin Jihar Iowa a tsakiyar ƙasar Amurka, inda matafiyi zai yini a mota bai ga kome ba sai gonakin masara da na waken suya. Ƙidayar shekarar 2020 ta sami mutum 137,710 a cikinsa.

Masu ƙasar kafin Turawa su zauna a wurin su ne ƙabilun Meskwaki da Sauk, daga cikin mutanen da Turawa suka tarar a nahiyar. Bayan yaƙin 1832, wanda wani jarumin Sauk mai suna Black Hawk ya shugabanta aka kuma ci su, gwamnatin Amurka ta yi ta karɓe ƙasarsu yanki yanki ta hanyar yarjejeniya, a 1832 da 1837 da 1842, har aka kwashe su zuwa Kansas. Amma wasu daga cikin Meskwaki ba su haƙura ba. Suka komo a 1857 suka sayi eka 80 da kuɗinsu, a cikin ƙasar da tasu ce a da, kimanin mil 50 yamma da Cedar Rapids, kuma zuriyarsu na nan zaune har yau.

Baturen farko da ya kafa bukka a bakin kogin Cedar shi ne wani Osgood Shepherd, a 1838. Abin da ya jawo mutane wurin kuwa shi ne ruwan yana gangarowa da ƙarfi a kan duwatsu, ya isa ya juya injin niƙa da na yanka katako, daga nan ma garin ya samo sunansa. Aka ba shi matsayin gari a 1849, jirgin ƙasa ya iso a 1859. A 1871 Thomas Sinclair, mutumin Belfast, ya kafa babbar mahautar aladu wadda ta zama ɗaya daga cikin manya a ƙasar, a 1873 kuma iyalin Stuart tare da George Douglas suka kafa injin niƙan hatsin nan da daga baya ya shiga kamfanin Quaker Oats. Mai karatu na iya mamakin jin cewa garin da ya ɗauki tsohon masallacin Amurka da kuɗin naman alade ya fara tasowa, amma haka tarihin yake.

Waɗannan masana'antu suna bukatar ma'aikata, ma'aikata kuwa daga ƙetaren teku suka zo. Mafi yawansu mutanen Bohemiya ne, watau ƙasar Cek ta yanzu, waɗanda suka fara isowa tun cikin shekarun 1850. Suka kafa unguwarsu kusa da mahauta, da cocinsu, da makarantar koyar da harshensu, da gidajen gashin burodi irin na ƙasarsu. Aikin kuwa akwai haɗari. Shi kansa Sinclair a cikin masana'antarsa ya faɗa ramin na'urar hawa bene ya mutu a 1881. Ran 22 ga Mayu 1919, da maraice, ƙurar sitaci da ta taru a masana'antar Douglas ta kama wuta ta fashe kamar albarushi, ta hallaka fiye da mutum 40, ta farfasa tagogi a ko'ina cikin gari. Garin ya fitar da sanannun mutane, irin su Grant Wood mai zane, da Arthur Collins wanda ya kafa kamfanin rediyo a 1933, kamfanin da na'urorinsa suka ɗauko muryar 'yan sama jannati daga duniyar wata a 1969. To, amma ba labarinsu ne ya tara mu ba.

A ƙarshen ƙarni na 19 wasu baƙi dabam suka fara ɓullowa, mutanen Sham, galibinsu daga ƙauyukan kwarin Biƙa'a a cikin ƙasar da ake kira Labanan yanzu, wadda a lokacin tana hannun Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Talauci da gudun a ɗauke su soja ne suka fitar da su daga gida. Wannan guguwar ƙaura ita ce dai ta kai 'yan'uwansu Afirka ta Yamma, waɗanda mu muka sani da sunan Kwara a Kano da sauran garuruwanmu. Kiristocinsu ne suka riga zuwa Cedar Rapids, har suka gina cocinsu a 1914. Musulmi suka biyo sawunsu, da yake maƙwabtan juna ne tun a gida, harshe ɗaya, abinci ɗaya.

Sana'arsu koli ce. Baƙo in ya sauka, wanda ya riga shi zuwa zai ba shi masauki, ya ba shi kaya bashi, allura da zare da mataji da yadi da leshi, ya koya masa 'yan kalmomin Turanci na ciniki, ya nuna masa hanya. Sa'an nan ya saɓa ƙunshinsa ya bi gonaki da ƙafa, gida gida, yana sayar wa matan manoma, inda dare ya yi masa ya roƙi wurin kwana ko da a rumbun ciyawa ne. Wanda ya san sanyin Iowa, inda ruwa ke daskarewa wata da watanni, ya san abin da suka sha. In Allah ya buɗa masa sai ya sayi doki da keke, in ya ƙara buɗawa ya kama kanti a gari yana sayar da kayan masarufi, shi ma ya zama mai gidan wani sabon zuwa. Duk wanda ya san zaman zango a Kumasi ko Ibadan ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Da farko yawancinsu samari ne marasa iyali, kowa da niyyar ya tara ɗan abin da ya tara ya koma gida, saboda haka salla a ɗakunan juna ta ishe su. Abu biyu ne suka sauya wannan tunani. Yaƙin Duniya na Farko ya rushe Daular Usmaniyya, yunwa ta yi ɓarna a Labanan, gidan da ake ɗokin komawa ya zama ba yadda aka bar shi ba. A 1924 kuma Amurka ta yi dokar da ta taƙaita shigowar baƙi, aka ba ƙasar Sham gurbin mutum 100 kacal a shekara. Ke nan ƙofa ta kusa rufewa a bayansu, ga 'ya'ya ana haifa suna tashi da Turanci a baki. A ganinmu wannan shi ne ainihin abin da ya gina masallacin: tsoron kada yaro ya girma bai iya Fatiha ba. A 1925 suka kafa ƙungiya mai suna Rose of Fraternity Lodge, watau kusan a ce Furen 'Yan'uwantaka, suka kama hayar wani ɗaki suna taruwa, suka shiga tara kuɗi.

An fara shirin gini a 1929, kuma da wuya a sami shekarar da ta fi ta muni ga mai neman gudummawa. A watan Oktoba na shekarar kasuwar hannun jari ta New York ta faɗi, ƙasa duka ta shiga matsin da ba a taɓa ganin irinsa ba. Zuwa 1932 masara ta yi arahar da manoman Iowa suka gwammace su ƙona ta su ji ɗumi da su kai ta kasuwa. Manomi in ya rasa, ɗan koli da mai kanti sun rasa, domin su ne masu bin sa bashi. Duk da haka aikin bai mutu ba, sai dai tafiyar hawainiya. Mai kuɗi kaɗan ya kawo, marar kuɗi ya zo da ƙarfinsa ya kama guduma. Sai ran 15 ga Fabrairu 1934, cikin shekarar 1352 ta Hijira, aka buɗe shi, bayan kusan shekara biyar.

Ginin ɗan ƙarami ne, na katako, fari, in ba don 'yar ƙubbar da ke bisa ƙofar shiga da jinjirin wata a kanta ba sai ka ɗauka makarantar ƙauye ce irin ta manoman yankin. Sama wurin salla, ɗakin ƙarƙashin ƙasa kuwa nan ake koya wa yara Larabci da karatu, nan ake walimar aure da suna da cin abincin Salla. Su kansu Nadi suke kiransa, watau majalisa. Akwai masallatan da suka girme shi, na Highland Park a Michigan a 1921, da na Ross a Dakota ta Arewa a 1929, amma na farkon bai daɗe ba aka rufe shi, na biyun kuma an rushe shi daga baya. Saboda haka na Cedar Rapids shi ne mafi tsufa a cikin waɗanda tun asali don salla aka gina su kuma suke tsaye, shi ya sa ake masa laƙabi da Uwar Masallatan Amurka.

Jama'ar ba ta tsaya nan ba. A 1948 Yahya William Aossey ya ba da fili aka yi maƙabartar Musulmi, aka riƙa kawo gawa daga jihohin maƙwabta. Wani ɗan garin kuma, Abdullah Igram, ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, inda ya ga ana buga harafin addinin soja a kan 'yar farantin ƙarfen da yake ratayawa a wuya, domin in ya mutu a san yadda za a yi masa sutura. Akwai harafin Furotesta, da na Katolika, da na Yahudawa, na Musulmi babu. Da ya dawo ya kai kuka har gaban Shugaba Eisenhower, aka amince da a riƙa sa wa Musulmi alamarsu. Shi ne kuma ya kira taron Musulmin Amurka a Cedar Rapids a 1952, wanda daga gare shi Tarayyar Ƙungiyoyin Musulunci ta Amurka da Kanada ta samu.

A nan ne muka zo kan abin da ba mu ji daɗinsa ba a cikin labarin. Jama'a ta yawaita, ɗalibai da likitoci da injiniyoyi suka shigo daga wasu ƙasashe, wuri ya yi kaɗan, aka gina sabuwar cibiya babba a 1971. Sai aka sayar da tsohon ginin. Muna iya fahimtar dalilinsu, domin ɗaukar nauyin gini biyu ba ƙaramin abu ba ne ga 'yar jama'a, amma sakamakon bai yi kyau ba. Ginin ya yi ta sauya hannu kusan shekara 20, har ya taɓa zama coci, ya lalace ƙwarai. Sai tsakanin 1990 da 1992 Majalisar Musulunci ta Iowa ta sake sayensa ta gyara shi, a 1996 kuma gwamnatin Amurka ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa.

Kogin da ya kafa garin shi ya kusa cinye shi. Ran 13 ga Yuni 2008 ruwa ya kai ƙafa 31.12, alhali iyakar da aka sani a da ƙafa 20 ce, a 1851 da 1929. Ya rufe murabba'in mil 10, kashi 14 cikin ɗari na garin, ya shiga gidaje fiye da 5,000, ya mamaye har ofishin magajin gari da ke kan tsibiri a tsakiyar kogin. Rijiyoyin da ke ba garin ruwan sha suka nutse ban da guda ɗaya, ɗaruruwan mutane suka fito cikin dare suna jera buhunan yashi kewaye da ita har suka cece ta. Gidan tarihin Cek ya sha ruwa, a 2011 aka ɗaga ginin ɗungurungum aka matsar da shi kan tudu. Masallaci ma bai tsira ba. Ruwa ya cika ɗakin ƙasa, inda aka ajiye littattafai da hotuna da takardun da aka yi shekara da shekaru ana tarawa, yawancinsu suka lalace. Bango da daɓe an gyara su, takardun kuwa waɗanda ba su da kwafi a wani wuri sun tafi ke nan. Daga baya hukumar garin ta sayi gidaje fiye da 1,000 waɗanda ruwa ya ɓata ta rushe su, unguwar masallacin na cikin waɗanda suka rasa mazauna da yawa.

A watan Maris 2017, lokacin da ake ta ce-ce-ku-ce a kan hana mutanen wasu ƙasashen Musulmi shiga Amurka, ɗaruruwan mutanen garin, Kiristoci da Yahudawa da wasunsu, suka zo suka kewaye ɗan ginin don nuna suna tare da masu shi. Ran 10 ga Agusta 2020 kuma wata iska mai gudun mil 140 a awa ta ratsa Cedar Rapids, ta kayar da fiye da rabin itatuwansa, mutane suka yi kwanaki babu wutar lantarki. Sallar Juma'a a babbar cibiya ake yin ta, tsohon masallacin kuwa an mai da shi gidan tarihi da wurin karɓar baƙi, 'yan makaranta da masu bincike suna zuwa su ga ragowar hotunan waɗanda suka gina shi.