Tsibiri: Fadar Gobir da Ta Sha Ƙaura

Kakata ta wajen uwa Bagobira ce, mai tsage daga gefen baki har zuwa kunne. A Gazawa aka yi mata aure, a can ta tsufa, amma har ta koma ga Allah in ta ce "gida", Tsibiri take nufi. Ni kuwa sai da na haura shekara 40 kafin na taka ƙofar fadar da take ba mu labari. Sau da yawa na ratsa garin a mota ina kan hanyar Gidan Rumji ko Ƙonni, ban taɓa sauka ba. Bana, da aka gama yankan gero, na ɗaura niyya. Na hau mota daga Gazawa, muka bi ta Agye da Cadawa, na kwana a Maraɗi, da safe ɗan kabu-kabu ya kai ni. Tafiyar ba ta kai rabin awa ba.

A bakin zaure na tuɓe takalma, na gaida dogarai, aka nuna mini inda zan zauna. Ina ta ɗaga kai ina neman irin bangon da na ƙiyasta tun ina yaro, mai kaurin da doki zai yi sukuwa a kai, ban gan shi ba. Sai na matsa kusa da wani dattijon bafade, na rage murya na ce, "Baba, ina tsohuwar fadar take?" Ya dube ni ya ce, "Wacce daga ciki, ɗana?"

Gaskiyarsa. Gobirawa ba su taɓa samun dogon zama wuri ɗaya ba. Labarin kaka da kakanni ya ce daga Azbin suka gangaro, suka yi zamani a Birnin Lalle, a ƙasar Dakwaro ta yau. A ƙarni na 18 Sarki Babari ya ci Zamfara da yaƙi, aka kafa Alƙalawa a bakin gulbin Rima, kuma daga can Bawa Jangwarzo, wanda sunansa har yanzu ke tayar wa Bagobiri tsikar jiki, ya mulki ƙasar. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ɗan ƙasar Gobir ne, a Maratta aka haife shi a 1754. Abin da ya shiga tsakaninsa da magadan Bawa kowa ya sani: yaƙin Tabkin Kwatto a 1804, sannan faɗuwar Alƙalawa a 1808, inda Sarki Yumfa ya rasa ransa.

A nan littattafan da aka fi karantawa suke rufe babin Gobir, kamar daga ranar an share ta daga doron ƙasa. Wannan yana ci mini rai, domin abin da ya biyo baya shi ne ya haifi garin da nake zaune a zaurensa. Shekara kusan 30 Gobirawa suna watangaririya, yau sulhu, gobe yaƙi. A 1836 suka haɗa kai da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa suka kara da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Gawakuke. Ranar ba ta yi musu kyau ba. Sarkin Gobir Ali ya faɗi, Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda ma ya faɗi. Waɗanda suka tsira su ne suka taru a bayan Mayaƙi ɗan Yakuba, suka sauka a fadamar gulbin Maraɗi, daura da Ɗan Mari wanda ya gaji Rauda, suka kafa Tsibiri. Sunan kaɗai ya isa ya gaya maka irin wurin da suka zaɓa: tungar mutanen da aka kora, ruwa da duhuwar itatuwa su ne garkuwarsu. Daga wannan kwari suka yi ta kai hari ƙasashen daular Sakkwato har ƙarnin ya ƙare. Rigimar cikin gida ma ba ta bar su ba, ita ce ta fitar da Ɗan Halima ya je ya kafa Sabon Birni. Da Turawa suka zo suka ja iyaka, Sabon Birni da kufan Alƙalawa suka faɗa hannun Ingila, Tsibiri ta faɗa hannun Faransa. Gida ɗaya, takardu biyu.

Ruwan da ya ɓoye su kuma shi ya tashe su. Ambaliyar 1945 ta cinye tsohon Maraɗi, aka mai da garin kan tudu, Tsibiri ma dole ta bar kwari ta hau jigawa. Shi ya sa mai zuwa neman ginin ƙarni biyu zai koma da ƙishirwa. Fadar da na shiga ba ta kai shekara 100 ba.

Amma da hantsi ya ɗaga, fada ta cika, sai na ga abin da ya girmi bangon. Kowa ya san mazauninsa ba tare da an nuna masa ba. Mai shigowa ya durƙusa ya yi gaisuwa, dogarai su amsa masa a madadin sarki. Manoma biyu sun zo da ƙarar iyakar gona, aka saurare su ɗaya bayan ɗaya. Har yau ana maganar Taran Gobir, masu zaɓen sarki, ana kuma maganar Inna, macen gidan sarauta wadda a da al'amuran mata da na bori duk a hannunta suke. Na san akwai malaman da ba sa son a ambaci wannan ɓangare, ni ma ba tsafi nake kira a koma ba. Sai dai ɓoye shi ba zai sa ya zama bai faru ba, kuma wanda bai san matsayin Inna ba bai san yadda aka mulki Gobir ba. A 2010 gwamnatin Nijar ta ɗaga kujerar Sarkin Gobir, tare da ta Katsinan Maraɗi da ta Dosso, zuwa darajar sultan, daidai da Agadas da Damagaram.

Da la'asar na roƙi wani saurayi ya raka ni kwari. Gonaki ne da garake, sai itatuwa. Ya miƙa hannu ya ce nan ne aka ce tsohon garin yake. "Aka ce" ɗin nan ita ta tsaya mini a maƙogwaro. Na tuna abin da na karanta game da Warso, babban birnin Polan. Jamusawa sun rusa fadar sarakunansu a 1944, amma daga 1971 zuwa 1984 mutanen ƙasar suka yi karo-karo suka sake tayar da ita. Abin da ya taimake su wajen mai da tsohon garin yadda yake har da hotunan da wani mai zane ɗan Italiya ya yi tun ƙarni na 18. Su sun adana kamannin abinsu kafin ya ɓace. Mu ginin ƙasa gare mu, wanda in an yi damina biyu ba a yi masa yaɓe ba sai ya fara komawa inda ya fito, kuma ba mu zana ba, ba mu auna ba. Duk da haka ba a ce adana ginin ƙasa ba ya yiwuwa ba: tsohon garin Agadas na ƙasa ne, ga shi tun 2013 yana cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO.

Ba wani babban kuɗi nake magana a kai ba. Tsofaffin da aka haifa a kwari kafin ambaliya yanzu sun haura shekara 80, kuma kowace shekara raguwa suke yi. Su kaɗai za su iya tsayawa a tsakiyar gona su ce nan ƙofar fada take, nan masallaci, nan kasuwa, nan maƙabartar sarakuna. Zuwa Alƙalawa ya yi wuya a yanzu saboda 'yan bindigar da suka addabi bakin iyaka, amma kwarin Tsibiri tafiyar ƙafa ce daga fada.

Ina roƙon masarautar Gobir da malaman tarihi na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi su ɗauki ɗalibai su sauka kwarin nan da rani mai zuwa, tare da waɗannan dattawa. A naɗi muryoyinsu, a zana taswirar tsohon garin, a kafa alama a kowane wuri da suka nuna. Ku kuma 'ya'yan Gobir da ke Agye da Gazawa da Gidan Rumji, in akwai tsoho a gidanku da ya ga Tsibirin kwari da idonsa, ku zauna da shi a wannan makon, ku rubuta abin da ya faɗa.